Waɗanda Aka Kora Ostareliya da Masu Nema Musu Afuwa

Jama'a, mu da muka baro gida da ƙafarmu muka zauna a Kudu mun san zafin nisa. To, akwai waɗanda alƙali ne ya raba su da gida. Daga 1788 zuwa 1868, Ingila ta kwashe fursunoni wajen 162,000 a jiragen ruwa zuwa Ostareliya, wasu shekara 7, wasu 14, wasu har mutuwa. Da yawansu laifin bai wuce ƙaramar sata ba.

Wanda aka yanke wa wannan hukunci, abin da ya rage masa shi ne takardar roƙon afuwa zuwa ga ministan cikin gida, mai ba Sarkin Ingila shawara. Da yawansu ba su iya rubutu ba, sai a samu mai rubuta musu. Wani ya ce ƙuruciya ce, wani ya ce yunwa, wata ta ce in aka tafi da mijinta ba mai ciyar da yara. Sai a bi limamin coci, da ubangida, da maƙwabta su sa hannu, wani lokaci har da wanda aka yi wa satar. Mafi yawa dai ba a amsa musu ba.

Amma ku ji na ƙauyen Tolpuddle. A 1834 aka kama leburorin gona shida, jagoransu George Loveless, don sun kafa ƙungiya da rantsuwar asiri bayan an rage musu lada zuwa sule 7 a mako. Aka yanke musu shekara 7, aka tafi da su. Mutanen gida ba su yi shiru ba. Dubbai suka yi jerin gwano a Landan, aka tara sa hannu wajen 800,000. A watan Maris na 1836 gwamnati ta yi musu afuwa, Loveless ya dawo a 1837.

Kun ga, mutumin da ke tsare muryarsa ba ta zuwa ko'ina, na waje ne ke kai ta. Yau in aka kama ɗan unguwar nan, iyayensa na can Arewa, wa zai je kotu ya ce ya san halinsa? Wa zai tsaya masa beli? In ba mu ba, ai babu kowa. Allah ya kiyashe mu.