BABI NA BIYU: TARIHIN MAGANI DA HANNU A KAN CIWON FIBROMAYALJIYA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin hanyoyi uku na magani da hannu waɗanda masu fama da ciwon fibromayaljiya suka daɗe suna neman sauƙi a wurinsu a ƙasashen Turai da Amurka. Hanyoyin kuwa su ne tausa da osti'ofati da kairofaraktik. Za a fara da tarihin shi kansa ciwon, sannan a dubi asalin kowace hanya, daga nan a kawo hukuncin da bincike ya yanke a kansu. Manufar ita ce a nuna cewa dukkan hanyoyin uku an gina su ne a kan fahimtar cewa cuta tana zaune a tsoka ko a ƙashi, alhali kuwa tarihin wannan ciwo ya yi ta nesanta shi daga tsoka da ƙashi, har ya kai shi ga ƙwaƙwalwa da laka.

2.1 Asalin Sunan Ciwon

Fibromayaljiya ciwo ne da ke game jiki, ya daɗe bai tafi ba, tare da gajiya da rashin barci mai gamsarwa da yawan mantuwa. Ba ya karya ƙashi, ba ya lalata gaɓa, kuma gwajin jini ko hoton ƙashi ba sa nuna shi. Wannan ne ya sa aka daɗe ana jayayya a kan sunansa, har ma da samuwarsa.

A farkon ƙarni na 19 wani likitan fiɗa na birnin Edinbara mai suna William Balfour ya bayyana wasu wurare a jikin masu sanyin ƙashi waɗanda ke yin zafi idan an danna su. A shekarar 1904 Sir William Gowers, masanin cututtukan jijiya a Landan, ya raɗa wa irin wannan ciwo suna fibrosaitis, wato kumburin zaren tsoka. Sunan ya zauna har fiye da shekara 70, duk da cewa masu bincike da suka riƙa yankar tsoka suna dubawa daga baya ba su tabbatar da wani kumburi ba. Rashin ganin kumburin ya sa wasu likitoci, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, suka ɗauki ciwon a matsayin damuwar zuciya kawai.

Al'amarin ya fara sauyawa a shekarar 1975, lokacin da Harvey Moldofsky da abokan aikinsa a birnin Toronto na Kanada suka nuna cewa barcin masu wannan ciwo ba ya yin nauyi yadda ya kamata, kuma idan aka hana lafiyayyen mutum barci mai nauyi shi ma jikinsa yakan ɗauki tsami. A shekarar 1976 Philip Hench ya yi amfani da sunan fibromayaljiya, wanda ke nufin zafin tsoka da zarenta ba tare da ambaton kumburi ba. A 1981 Muhammad Yunus ya kwatanta majinyata 50 da lafiyayyu 50 a jihar Ilinoyi ta Amurka, ya nuna cewa alamomin ciwon suna tafiya tare bisa wani tsari. A 1990 Kwalejin Likitocin Gaɓoɓi ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Frederick Wolfe, ta fitar da ma'auni: ciwo ya game jiki na tsawon wata 3, kuma a sami zafi a wurare 11 daga cikin 18 idan an danna. Binciken da Wolfe ya wallafa a 1995 a kan mutanen garin Wicita ya sami ciwon a jikin kimanin kashi 2 cikin 100, kuma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

2.2 Tausa

Tausa ita ce mafi daɗewa a cikin hanyoyin uku. Likitocin Girka na dā sun yi bayaninta, haka kuma Ibn Sina ya tattauna ire-irenta a cikin littafinsa Al-Ƙanun. Sai dai tausar da ake yi a asibitocin Turai ta samo tsarinta ne a ƙarni na 19. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar motsa jiki a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, daga baya kuma likitan nan na Amsterdam, Johann Mezger, ya shahara da tsara dabarun shafa da murza da bubbugawa.

A Ingila sana'ar ta shiga wani hali a shekarar 1894, lokacin da mujallar ƙungiyar likitocin ƙasar ta fallasa wasu gidajen tausa na Landan da cewa ana fakewa da su ana aikata alfasha. Domin su wanke sana'arsu, wasu mata ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, suka sa jarrabawa, suka kuma amince ba za su taɓa majinyaci ba sai da umarnin likita. Wannan ƙungiya ce ta zama tushen sana'ar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Ingila. Ke nan tausa ta zaɓi zama a inuwar likitoci. A zamanin da ake kiran ciwon fibrosaitis, tausa da gashi na cikin abubuwan da aka saba rubuta wa majinyaci, da nufin a murje ƙulle-ƙullen da ake zaton suna cikin tsoka.

2.3 Osti'ofati

Wanda ya ƙirƙiro osti'ofati shi ne Andrew Taylor Still, wanda aka haifa a 1828 ya rasu a 1917. A shekarar 1864 sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku, abin da ya sa ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa, waɗanda suka haɗa da zubar da jini da shayar da sinadarai masu guba. A 1874 ya fito da ra'ayinsa cewa jiki yana iya warkar da kansa matuƙar ƙasusuwa suna zaune daidai, jini kuma yana gudana ba tare da cikas ba. Kafin sunan osti'ofati ya bi shi, Still ya riƙa tallata kansa a matsayin maɗori, wato aikinsa ya tsiro ne daga ɗori irin na gargajiya, wanda kusan kowace al'umma ta san shi, har da Hausawa. Bambancin shi ne maɗori yana tsayawa ga karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, shi kuwa Still ya faɗaɗa abin har ya game kusan dukkan cututtuka.

A shekarar 1892 ya buɗe makaranta a garin Kaksbil na jihar Misuri, ɗalibinsa John Martin Littlejohn kuma ya kafa wata a Landan a 1917. Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. A Amurka masu osti'ofati sun karɓi ilimin magunguna da fiɗa sannu a hankali, har ya zama zuwa 1973 dukkan jihohi sun ba su cikakken lasisin likita. A Ingila da sauran Turai kuwa sun tsaya ga aikin hannu, kuma sai a 1993 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tsara sana'ar.

2.4 Kairofaraktik

Kairofaraktik ta samo asali ne daga Daniel David Palmer, haifaffen Kanada da ya zauna a garin Dabinfot na jihar Ayowa. A watan Satumba na 1895 ya danna ƙashin bayan wani mai share-share mai suna Harvey Lillard, ya kuma yi iƙirarin cewa kurumtar da mutumin ke fama da ita ta warke. A kan wannan ne ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka suna faruwa ne saboda gocewar ƙasusuwan baya, waɗanda ke danne jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, aka kuma ɗaure shi a 1906 saboda yin aikin likita ba da lasisi ba. Ɗansa B. J. Palmer ne ya yaɗa sana'ar bayansa.

Saɓanin tausa, kairofaraktik ta zaɓi fito-na-fito da likitoci. A 1963 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamiti na musamman don daƙile ta. Duk da haka, zuwa 1974 dukkan jihohi sun halatta ta. A 1976 Chester Wilk da wasu abokan sana'arsa suka kai ƙungiyar ƙara, kuma a 1987 wata kotun tarayya ta sami ƙungiyar da laifin haɗa baki don durƙusar da abokan gasa. Abin lura a nan shi ne hukuncin ya shafi dokar kasuwanci ne, bai tabbatar da ingancin ra'ayin Palmer ba. Hasali ma, a 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya ta bayyana cewa babu hujjar bincike da ke nuna gocewar da ake magana a kanta tana haddasa cuta.

2.5 Haɗuwar Hanyoyin da Ciwon

Akwai dalilai uku da suka kai masu fibromayaljiya ga waɗannan hanyoyi. Na farko, ma'aunin 1990 ya dogara ne ga wuraren da ake dannawa da yatsa, don haka ya yi kama da ciwon da hannu zai iya gyarawa. Na biyu, magungunan asibiti ba su gamsar ba. Sai a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da wani magani musamman don ciwon, wato firegabalin, sannan wasu biyu suka biyo baya a 2008 da 2009, kuma dukkansu wani kaso ne kawai na majinyata ke jin daɗinsu. Na uku, majinyacin da aka sha gaya masa cewa lafiyarsa lau yakan sami wanda zai saurare shi, ya taɓa inda ke masa ciwo, ya kuma yarda da shi. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da aka zo gwaji sai sakamakon ya bambanta. A 2009 Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen kairofaraktik a kan ciwon, ya tarar 'yan kaɗan ne, masu rauni, kuma ba su nuna amfani ba. Ta fuskar osti'ofati, wani ƙaramin gwaji na mata 24 a jihar Tekzas a 2002 ya ba da sakamako mai daɗi, amma wani gwaji da ya fi shi girma a Faransa, wanda aka wallafa a 2021, ya kwatanta aikin gaske da na kwaikwayo bai sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Tausa ce ta ɗan fi samun goyon baya: nazarin da aka yi a 2014 a kan gwaje-gwaje 9 masu majinyata 404 ya nuna cewa tausar da ta kai mako 5 tana rage zafi da damuwa a lokacin da ake yin ta, sai dai bai tabbatar da ɗorewar sauƙin ba.

A 2017 Ƙungiyar Likitocin Gaɓoɓi ta Turai ta wallafa shawarwarinta. Motsa jiki ne kaɗai ya sami cikakken goyon baya. An yi hani mai ƙarfi ga kairofaraktik saboda rashin hujja da kuma tsoron illa, an kuma yi hani mai sauƙi ga tausa. Dalilin wannan sakamako yana komawa ga sauyin fahimtar ciwon. Tun a 2010 an cire danna wurare 18 daga ma'aunin ganewa, kuma bincike ya karkata ga cewa ƙwaƙwalwa da laka ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi fiye da kima. Idan haka ne, babu wani ƙashi da ya goce balle a mayar da shi, kuma dannawa da ƙarfi tana iya tayar da ciwon maimakon ta kwantar da shi.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sunan ciwon ya tashi daga fibrosaitis a 1904 zuwa fibromayaljiya a 1976, da yadda mazauninsa ya tashi daga tsoka zuwa jijiyoyi. An kuma ga cewa tausa ta shiga inuwar likitoci, osti'ofati ta rabu biyu, kairofaraktik kuma ta yi yaƙi har ta sami lasisi. Tarihin ya nuna cewa samun lasisi daban, tabbatar da amfani a kan wata cuta daban. Abin da hujja ta amince da shi shi ne tausa mai laushi tana iya ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma babu ɗaya daga cikin hanyoyin uku da aka tabbatar tana warkar da ciwon. Saboda haka majinyacin da aka yi wa alkawarin waraka ta hanyar gyaran ƙashin baya yana iya asarar dukiyarsa da lokacin da ya kamata ya ba motsa jiki da gyaran barci. Su kuma likitoci, darasin da ya rage gare su shi ne rashin sauraro na daga cikin abubuwan da suka kori majinyata zuwa wasu ƙofofi.