Renon Wardi a Tukunya da Tsirran da Ake Haɗa Shi da Su

Wardi tsiro ne mai ƙaya da furanni masu ƙamshi. A kimiyyance ana kiran jinsinsa Rosa, kuma akasarin ire-irensa na daji daga nahiyar Asiya suka fito. Ana renonsa a tukunya inda babu filin lambu ko inda ƙasar gida ba ta da kyau, galibi tare da wasu ƙananan tsirrai da ke rufe bakin tukunyar ko jawo ƙwari masu amfani.

Saiwar wardi ƙasa take nutsawa, saboda haka zurfin tukunya ya fi faɗinta muhimmanci. Ƙananan ire-ire suna wadatuwa da zurfin santimita 30 zuwa 35, manya kuwa sai 45 zuwa 60. Dole a huda gindin tukunyar, domin ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. A wuri mai zafi tukunyar yumɓu ta fi ta roba, don tana tsatsafowa tana sanyaya ƙasar kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai takan bushe da wuri. Tsiron yana son rana ta kimanin awa 6 a wuni. A tsaunin Jos, inda wardi ke yin kyau saboda sanyi, wannan ba matsala ba ce, amma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri gara a ajiye shi inda zai sha hantsi, ya samu inuwa bayan azahar.

Wajen zaɓen abokin zama ne aka fi kuskure. Wardi mai ci ne mai sha, ƙasar tukunya kuma kaɗan ce. Abin da ya dace shi ne tsiro gajere mai gajeriyar saiwa, kamar alisam, wanda fararen furanninsa ke jawo wasu ƙudaje da tsutsarsu ke cinye ƙwarin da ke tsotsar tohon wardi. Furen marigol, ɗan asalin Meziko, saiwarsa tana rage wasu tsutsotsin ƙasa masu ɓata saiwa. Tafarnuwa da albasa an daɗe ana dasa su kusa da wardi da zaton warinsu na korar ƙwari. Hujjar hakan ba ta da ƙarfi, amma ba su cin wuri.

Labanda, da ake yawan haɗawa da wardi a lambunan Ingila, busasshiyar ƙasa take so, don haka tukunyarta daban, a gefe. Na'ana'a kuwa cikin 'yan watanni take mamaye tukunya.

Cunkoso yana hana iska ratsa ganye, ya ba cutar baƙin ɗigo dama, wadda naman gwarin Diplocarpon rosae ke haddasawa. Fantsamar ruwa ce ke yaɗa ta, shi ya sa ake ban ruwa a gindi da safe. Ana sauya ƙasar tukunya duk bayan shekara 2 zuwa 3.