Mai saita ma'auni: me takardar shaida ke ƙara masa?

Mai saita ma'auni shi ne ma'aikacin da ke gwada sikeli, famfon mai, kontar ruwa da ta wuta, ko na'urar awon zafi, don a tabbata abin da suke nunawa gaskiya ne. Da Faransanci sunan aikin "étalonnage". Mai gyara yana tada na'urar da ta lalace, shi kuwa mai saiti yana kwatanta ta da wani ma'aunin da aka yarda da shi, ya rubuta bambancin da ya gani, ya sa hannu.

Inda aikin ya shafe mu

A kasuwar Dole, in an tauye maka tiyar hatsi, da idonka za ka gani. A gidan mai kuwa sai dai ka yarda da lambar da famfo ya nuna. Famfon da ke kuskuren kashi 2 cikin 100 yana cinye wa direba lita 1 a kowace lita 50. A ƙasarmu, hukumar ANMC ce ke da alhakin kula da sahihancin ma'aunai.

Nan jihar Damagaram muna da matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man na zuwa ta bututu daga Agadem. Tun daga shigar ɗanyen mai har lodin tankoki, komi da awo ake yi. Haka ma a asibiti da ɗakunan gwajin jini.

Takardun iri uku ne

Ta farko ita ce ta makaranta: CAP, BEP ko BTS a fannin lantarki ko kanikanci. Ita ke buɗe ƙofa.

Ta biyu ita ce shaidar horo na musamman a kan awo, misali saitin sikeli ko na ma'aunin mai. Asusun FAFPA na tallafa wa horon sana'a, don haka yana da kyau matashi ya je ya tambaya.

Ta uku ita ce amincewa bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda a yankinmu hukumar SOAC mai mazauni a Abijan ke bayarwa. A kula: ɗakin gwaji ake bai wa ita, ba a bai wa mutum ɗaya. Sai dai ƙa'idar ta wajabta wa ɗakin gwajin ya ajiye hujjar ƙwarewar ma'aikatansa. To nan ne takardunka ke da daraja, domin ba su ne kawai ke taimakonka ba, kai ma kana taimakon ma'aikatar.

Me take jawowa?

Wanda ya koyi aiki a hannun maigida, mutanen Birni da Zango sun san shi, amma kamfanin da ke Yamai ko Kano bai san shi ba, takarda zai duba. Da ita ake shiga jarrabawar ɗaukar aiki, da ita ake neman ƙarin matsayi da albashi. Kuma sana'a ce mai ƙetare iyaka, tunda kilo da lita ɗaya ne ko'ina. Tushen wannan shi ne yarjejeniyar mita da aka sa wa hannu a birnin Paris ranar 20 ga Mayu 1875, shi ya sa ake bikin ranar awo ta duniya kowace 20 ga Mayu.

Amma mu faɗi gaskiya, takarda ba ta ba da aiki da kanta. Sai da lissafi, da haƙurin rubuta sakamako, da riƙon amana ranar da ɗan kasuwa ya ce a ɗan karkata masa sikeli.

Kafin ka biya kuɗin horo, tambayi abu uku: wace hukuma ta amince da takardar, za ka taɓa ma'aunan gwaji da hannunka ko karatu ne kawai, kuma bayan shekara nawa ake sabunta ta.