Anfograf: mai zana tambari da takardun talla

Matan ƙungiyoyi masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun sha tambayarmu: wa ke yin ƴar takardar nan mai launi da ake liƙawa a jikin kwalba? To, shi ne ake ce ma anfograf, wato mai zane da kwamfuta. Shi ke tsara tambarin sana'a, da etiket, da katin ɗan kasuwa, da allon shago, da hoton talla na Facebook da WhatsApp. Akasari da CorelDRAW, Photoshop ko Illustrator suke aiki, matasa kuma sun kama Canva a salula.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne, zane daban, bugawa daban. In an gaya muku farashi, ku tambaya tun farko: na zane ne kaɗai, ko har da bugu? Nan ne rigima ke tashi.

Sannan ku karɓi asalin zanen, ba hotonsa kawai ba. Tambarin da aka yi da CorelDRAW ko Illustrator ana iya ƙara girmansa daga kan kwalba har zuwa bangon shago bai lalace ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, da an faɗaɗa sai ya dushe. Ƴan uwa da ke waje, masu biyan kuɗin aikin daga Legas, Akara ko Aljeriya, ku ce a tura muku shi a matsayin takarda, kamar PDF, ku adana. Gobe in mai zanen ya tashi daga gari, ba sai an sake biya ba.

Launi ma yana yaudara. Allon waya haske ne, da ja, kore da shuɗi yake haɗa launi, injin bugu kuwa tawada huɗu gare shi. Shi ya sa jan da ya burge ku a waya kan fito da duhu a takarda. A buga guda ɗaya ku gani kafin a buga ɗari biyar.

Mu a nan rediyo abin da ya fi ci mana rai shi ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da su, sai ka ga an rubuta kasa maimakon ƙasa. Ku karanta da kanku, harafi harafi, har lambar waya.

Zana tambari kuma bai isa ya kare shi ba. Rajistarsa na hannun OAPI, hukumar da ke Yawunde mai ƙasashe 17 har da Nijar, kuma kariyar shekara 10 ce, ana sabuntawa.