Murɗaɗɗiyar ƙafar jarirai: yadda ake gyara ta da lokacin da ake yin fiɗa

Jama'a, cikin jarirai 1000 da ake haihuwa, ana samun kamar guda da ke zuwa da ƙafa a murɗe: tafin ƙafa ya juya ciki, yatsu suna kallon ƙasa, dunduniya ta ɗage sama. A likita za ku ji ana ce da ita "piye bo". Ta fi samun yara maza, kuma kusan rabin waɗanda take samu, ƙafa biyu ne. Ba shan inna ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Jijiyoyin baya da na cikin ƙafar ne suka gajarta suka yi tauri tun yaro yana ciki.

Jinjiri ba ya jin ciwonta. Wahalar sai ya fara tafiya: zai riƙa takawa da gefen ƙafa, wurin ya yi kanta da gyambo, takalmi ya ƙi shiga, zuwa lakwal ma ya zama aiki.

Yaya ake gyarawa?

Hanyar da aka fi bi yau ita ce ta Ponseti, sunan wani lokotoro ɗan asalin Sipaniya da ya yi aiki a jami'ar Iowa ta Amurka. An haife shi 3 ga Yuni 1914, shi ya sa ake ranar wannan lalura ta duniya duk 3 ga Yuni.

An fi so a fara a makonnin farko bayan haihuwa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane mako ma'aikaci zai miƙar da ƙafar kaɗan da hannu, ya ɗaure ta da simintin asibiti daga yatsu har cinya. Galibi sau 5 zuwa 8 ake canzawa.

Ƙaramar fiɗa

A wajen mafi yawan yaran, agara, wato jijiyar bayan dunduniya, takan ƙi sakewa. To, nan ne ake fiɗa, amma kada gabanku ya faɗi. Ana kashe zafin wurin, a yanke jijiyar ta wata ƴar ƙofa ƙarama, cikin mintoci kaɗan an gama. Sai a sa siminti na ƙarshe na mako 3. Cikinsa jijiyar ke haɗewa da kanta, da tsawon da ake so.

Daga nan sai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe. Wata 3 na farko yaro zai sa su awa 23 a rana, bayan haka sai lokacin barci har ya kai shekara 4 ko 5. Iyaye, nan ne aikinku yake. Yawancin ƙafafun da ke komawa murɗewa, takalmin aka ajiye da wuri don yaro yana kuka.

In an makara fa?

Ba a fid da rai. In ƙafa ta koma a yaro mai kamar shekara 3 zuwa sama, akan sake siminti, wani lokaci a ɗauke wata jijiya daga gefen ciki a dasa ta tsakiyar ƙafa. Manyan yara da ƙashinsu ya riga ya ƙosa, su sai babbar fiɗa: a yanke ƙashi a daidaita, ko a haɗe gaɓoɓin bayan ƙafa wuri guda. Za a taka da tafi, sai dai ƙafar takan yi tauri, jinyar kuma ta fi tsawo da tsada.

Abin lura a gida

Kada siminti ya jiƙe. A duba yatsu safe da yamma: in sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, ko sun shige cikin siminti, a koma likita nan take, kada a jira ranar da aka ba ku.

Wannan ba karaya ba ce, don haka ba aikin mai ɗori ba ne. Da ungozoma ko kaka ta ga ƙafar jinjiri a murɗe, a kai shi CSI mafi kusa, su nuna inda za a je. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, inda ake wannan aiki. Wanda ya karanta, ya gaya wa maƙwabci.