Na'urar sanyaya furosesa

Na'urar sanyaya furosesa wani ɓangare ne na kwamfuta da ake ɗaurawa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ta janye zafin da yake fitarwa yayin aiki. A maganar yau da kullum akan kira ta fankar furosesa, ko da yake fanka ɓangare ɗaya ce kawai daga cikinta. Wasu furosesoshin suna zuwa da ƙaramar na'urar sanyaya a cikin kwalinsu. Amma masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo sukan sayi babba daga wani kamfani dabam, saboda ta fi janye zafi kuma ba ta cika ƙara ba. Irin waɗannan manyan na'urori suna da nauyi, don haka yadda aka ɗaura su a kan madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, shi ne ke nuna ko za su yi aiki yadda ya kamata ko kuwa za su jawo ɓarna.

Yadda take aiki

Babbar na'urar da ke sanyayawa da iska tana da sassa huɗu. Akwai gindi, wanda yawanci na jan ƙarfe ne, shi ne ke zama a kan murfin furosesa. Akwai bututan zafi da suka taso daga gindin, sai siraran farantan alminiyam da aka jera kamar hasumiya, sannan fanka ɗaya ko biyu. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iskar ciki. Idan gindin ya ɗauki zafi sai ruwan ya zama tururi, ya tafi wajen farantan, ya huce ya koma ruwa, sannan ya dawo gindi. Fanka kuma tana kore zafin daga farantan.

Wannan aiki duka ya dogara ne da haɗuwar gindin da murfin furosesa. Ko da ido ya ga fuskokin biyu sumul, akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, kuma iska ba ta wuce da zafi sosai. Shi ya sa ake shafa wani mai na musamman a tsakaninsu, a kuma matse su da ƙarfi daidai a kowace kusurwa. Idan haɗuwar ba ta yi kyau ba, furosesa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Yawancin furosesoshin Intel na kwamfutar tebur suna yin haka a wajen digiri 100 na Salsiyas, jerin Ryzen 7000 na AMD kuma a digiri 95.

Nauyi da farantin baya

Ƙaramar na'urar da Intel ke bayarwa tana kama madabod ne da turakun roba guda huɗu da ake dannawa cikin ramuka. Wannan ya ishi na'ura marar nauyi, amma ba zai riƙe babba ba. Misali, NH-D15 ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a shekarar 2014, tana da bututan zafi shida, tsayinta milimita 165, nauyinta kuma giram 1,320 tare da fankokinta biyu. A yawancin akwatunan kwamfuta madabod a tsaye yake, saboda haka na'urar tana rataye ne ta gefe, nauyinta yana jan allon.

Maganin wannan shi ne farantin baya, wani ƙarfe da ake sawa a bayan madabod daidai ƙarƙashin soket. Sukurori ko ginshiƙai suna ratsa ramukan allon su kama farantin. Ta haka nauyin yana bazuwa a wuri mai faɗi maimakon ya taru a ramuka huɗu, allon kuma ba ya lanƙwashewa. Yawancin manyan na'urori suna da sukurori masu sifirin, waɗanda ke tsayawa idan matsin ya kai yadda aka tsara.

Dacewa da soket

Tazarar ramukan ɗaurawa ta bambanta daga soket zuwa soket. A wajen Intel, LGA 775 tana da milimita 72 a kowane gefe. LGA 1156, 1155, 1150, 1151 da 1200 duk suna da milimita 75, shi ya sa na'ura ɗaya ke hawa kansu duka. LGA 1700, wadda ta fito a 2021, ta koma milimita 78, kuma tsayin furosesa daga allo ya ɗan ragu, don haka tsofaffin na'urori suna bukatar sababbin ƙarafan ɗaurawa.

A wajen AMD, AM4 tana da milimita 90 a tsawo da 54 a faɗi. AM5, wadda ta fito a 2022, ta riƙe wannan tazara. Sai dai farantin bayanta shi ne ke riƙe da ƙarfen da ke kulle furosesa, saboda haka ba a cire shi. Na'urar AM4 da ke amfani da farantin da ya zo da madabod takan hau AM5, amma wadda ke zuwa da nata farantin sai an samo mata wasu ƙarafan.

Bayan soket, ana duba abu biyu kafin saye. Na farko faɗin akwati, domin idan na'urar ta yi tsayi murfin gefe ba zai rufu ba. Na biyu tsayin RAM, domin fankar gaba takan zauna a kansu. A NH-D15, sararin da ya rage wa RAM milimita 32 ne idan an sa fankoki biyu, ko 64 idan fankar tsakiya kaɗai aka bari.

Matakan ɗaurawa

Ana fara kashe kwamfuta a zare wayar wuta, sannan mai aikin ya taɓa ƙarfen akwati don ya sauke wutar da jiki ke tarawa. Ya fi sauƙi a yi aikin madabod yana kwance a kan tebur, ko da yake akwatuna da yawa suna da taga a baya da ake kai wa ga farantin ba tare da an cire allon ba.

Idan akwai tsohuwar na'ura, ana ɗan murza ta hagu da dama kafin a ɗaga. Wannan ya fi muhimmanci a AM4, inda furosesa ke da siraran ƙafafu, domin busasshen mai yakan manne shi da gindin na'urar har a fizgo shi daga soket, ƙafafun su lanƙwashe. Daga nan a goge tsohon man da sinadarin isofurofil da ƙyalle marar gashi.

Sai a sa farantin baya, a ɗaura ginshiƙai huɗu, a ɗora ƙarafan riƙewa biyu a kansu ta fuskar da za ta sa fanka ta tura iska zuwa bayan akwati. A cire ledar da ke manne a gindin sabuwar na'urar, domin mantawa da ita na daga cikin kurakuran da aka fi yi. A ɗiga mai kamar ƙwayar wake a tsakiyar murfin furosesa, a ɗora na'urar a hankali. Ana ɗaure sukurori bi da bi, murzawa biyu ko uku a nan, sannan a koma na ɗaya gefen. Idan huɗu ne, ana bin su kusurwa da kishiyarta. Da sun tsaya a dakata, domin matsi fiye da kima yana iya lanƙwasa allo ko ya hana wasu ƙafafun soket taɓa furosesa. A ƙarshe a maƙala fanka, a jona wayarta a mahaɗin da aka rubuta wa CPU_FAN.

Gwaji da kulawa

Bayan an kunna kwamfuta ana shiga BIOS a duba ko fanka tana juyawa, a kuma duba zafin furosesa. Idan zafin yana hawa da sauri alhali kwamfutar ba ta aikin komai, alama ce ta cewa gindin bai zauna daidai ba. Sai a cire, a goge man, a sake. Shatin da man ya bari yana nuna gefen da matsi bai kai ba.

Ƙura takan toshe tsakanin farantan, musamman lokacin hunturu, don haka ana hure ta lokaci-lokaci, a riƙe fankar don kada iska ta juya ta da ƙarfi. Idan za a yi tafiya da kwamfutar a mota, ana kwantar da akwatin yadda madabod zai kasance a ƙasa. Idan tafiyar mai nisa ce ko hanyar tana da gargada, ya fi kyau a cire na'urar gaba ɗaya, domin girgiza tana iya sa nauyinta ya tsaga allon ko ya lalata soket.