Daga Kumburin Muƙamuƙi zuwa Maganin da Ya San Gidan da Za Shi

Yau tarihin wata cuta za mu bi, da na maganinta, domin maganar ta shafi 'ya'yanmu.

A shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala ta Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, yaro ƙarami wanda muƙamuƙinsa ya kumbura har haƙora na girgiɗi. Bai daɗe ba ya sake ganin wani mai irin haka. A 1958 ya rubuta bayanin cutar, a 1961 kuma shi da abokansa biyu suka shiga mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000, asibiti zuwa asibiti, suna tambayar inda ake ganinta. Suka gano ta fi yawa a wurare masu ɗumi da ruwan sama, wato inda sauro ya yi gida. Kansa ce ta ƙwayoyin kaluluwa, ana ce wa danginta limfoma, ita kuma wannan aka sa mata sunan Burkitt. A 1964, a Landan, Epstein da Achong da Barr suka gano wata ƙwayar bairos a cikin irin wannan ƙari. Daga baya aka fahimci cewa bairos ɗin da yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke haɗuwa su buɗe wa cutar ƙofa.

To, Afirka ta Yamma fa ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A Ibadan, Dakta Victor Ngu ɗan Kamaru yana cikin waɗanda suka nuna cewa allurar kemo, irin su saikulofosfamaid, tana iya narkar da kumburin, har ya samu kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. A nan Gana, Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban ƙasa na farko, ya yi shekaru yana jagorantar aikin wannan cuta a Korle Bu.

Sai dai kemo yana da nasa aibi. Kun san wanda ya banka wa daji wuta don ya kashe kaska? Kaska ta mutu, ciyawar shanu ma ta tafi. Haka kemo yake: duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa zai kai mata duka, ta cuta ce ko ta lafiya. Shi ya sa gashi ke zuba, jini ya ragu, baki ya yi gyambo.

Mafita ta fara bayyana a 1975, lokacin da Köhler da Milstein a Kambirij ta Ingila suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri guda. Antibodi sinadarin garkuwar jiki ne da ke gane alama ɗaya tak, kamar yadda kai makiyayi kake gane shaidar saniyarka a tsakiyar kara. Ƙwayoyin limfoma da yawa suna ɗauke da wata alama mai suna CD20, kuma a 1997 Amurka ta amince da rituksimab, antibodin da ke kama ta. Kafin nan, a 1995, an amince da Doxil, wato kemo da aka ƙunshe cikin ƙananan kwanson kitse, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi.

Yanzu masana na haɗa dabarun biyu. Kwanson shi ne motar kaya, kemo shi ne kayan, antibodin da aka liƙa a bayansa kuma shi ne sunan mai karɓa da ka rubuta a jikin buhu. Ƙwayar cutar ta haɗiye kwanson, maganin ya fita a cikinta. Abin sha'awa, sau da yawa ana gwada shi a kan ƙwayoyin da ake kira Raji, waɗanda aka ɗauka daga wani yaro mai cutar Burkitt a Ibadan a 1963, ana ta raya su har yau.

Amma ku ji gaskiya: yawancin wannan aiki yana matakin gwaji, hanta da saifa kuma suna tare kaso mai yawa na kwanson tun a hanya. Duk wanda ya tallata maka "maganin nano" a kasuwa, riƙe kuɗinka.

Abin da ke hannu yau shi ne kemon da aka sani, kuma yana warkar da yara da dama idan an zo da wuri. Ƙarin Burkitt yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan muƙamuƙin yaro, ko idonsa, ko cikinsa ya kumbura yana ƙaruwa, kada a ce hangum ne, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a jira a dawo daga mashekari. A nufi Asibitin Koyarwa na Tamale, in da buƙata su tura Komfo Anokye a Kumasi ko Korle Bu. Wannan cuta tana cikin kansar yara huɗu da aka shigar cikin inshorar lafiya ta ƙasa, don haka a sabunta katin yara. In an fara allura kumburi ya sace, kada a gudu, a ƙarasa har zagaye na ƙarshe.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa.